Gyara a Bakin Zane

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ba ƙafa ikon taka ta, ya halicci ciki ya sa masa lokacin ɗauka da lokacin hutawa. Ni ce Ayashe 'yar Dangana, wadda ta bar garinsu da ƙwarya da zanen ɗaurawa, ta dawo da furfura da labari. Ku gyara zama ku ara mini kunnuwanku, in ba ku labarin Birnin Garjewa, da annobar da ta rufe shi, da tsohuwar da ta jawo wa kanta dariyar unguwa da gangan.

Sunana kaɗai ya isa ya gaya muku irin gidan da na fito, don ba a kiran yarinya Ayashe sai inda aka gaji da binne jarirai. Uwata mai kwanika ce. Wani yana baya wani yana ciki, nono ya lalace, na bayan ya tafi, na cikin ya zo ya bi shi. Ni kaɗai na tsaya. A haihuwarta ta ƙarshe jini ya ɓalle, kanta yana bisa cinyata ta cika. Mata suka ce kwana ne ya ƙare, na ce haka ne. Amma ban yi kuka ba, haushi ne ya cika ni, na ƙudura a raina sai na nemo abin da zai ba cikin mace hutu ko da a bangon duniya yake.

Na yi shekaru ina bin ungozoma gari gari ina koyon karɓar haihuwa, ina tambaya, ba wanda ya san abin da nake nema. Daga nan na bi ayarin fatake muka yi gabas, har muka iso Kogin Tona. Ruwansa baƙi ne, kuma jirgi ba ya motsi a kansa sai kowane matafiyi ya sunkuya ya faɗa wa ruwan wani asiri da babbar murya. Wanda ya yi ƙarya, ruwan ya tashi ya ɗauke shi. Na ga falke ya tona asirin ƙanwarsa, na ga dattijo mai gemu ya zazzage abin da maƙwabcinsa ya gaya masa cikin amana. Ni kuwa cikina cike yake da asirin matan mutane, kuma babu ko ɗaya da yake nawa balle in biya fito da shi.

Mai fiton, wani dogon tsoho mai ido ɗaya, ya ce, "Baiwar Allah, ke ake jira."

Na ce to. Na juya baya na ciro goro daga bakin zanena, na dunƙule hannuwana biyu, na juyo na tambayi mutanen jirgi ko akwai wanda ya san hannun da goron yake. Suka ce babu. Sai na sunkuya na ce wa ruwan, "Yana hagu," na buɗe hannu. Jirgi ya zabura.

Tsohon ya yi dariya har sandar tuƙinsa ta kusa suɓuce masa. Ya ce, "Tun da nake fito ban taɓa ganin asirin da aka haifa aka yanka a wuri ɗaya ba. Ina kika nufa?" Na gaya masa abin da nake nema. Ya ce, "Je ki Garjewa ki nemi Inna Dudu mai kanwa. Can ake neman mai baki irin naki." Goron kuwa shi ya cinye.

Tsakanin kogin da Garjewa akwai Dajin Inuwa, inda itatuwa ke tafiya da hantsi. Matafiya na tsoronsa, don mutum zai kwanta a gindin bishiya ya farka a wata ƙasa. Ni dai na tsaya na lura da wata tsamiya da ta nufi inda nake so, na hau na zauna a reshe ina tsotsar 'ya'yanta, ta sauke ni a bakin tafki ban kashe takalmi ba.

Garjewa birni ne da ba a ƙasa yake ba. Duwatsu ne dogaye tsaye a cikin tafki kamar an jera turame, kowane dutse unguwa guda. Tsakaninsu akwai gadojin igiya da mutane ke bi, sama da gadojin kuma akwai wasu igiyoyin da ake rataya kwanduna ana jan kaya daga dutse zuwa dutse. A cikin tafkin akwai zalɓe masu girman raƙumi, waɗanda ba sa taɓa mutum a kan gada amma ba su da kunya a kan kwando.

Na sami Inna Dudu a wata rumfa a ƙarshen kasuwa, gajeriyar tsohuwa mai ƙaramar murya, zaune a bayan tulin kanwa. Gaskiya raina ya ɓaci. Na ƙetare kogi da daji, ashe wurin mai kayan miya aka turo ni. Ta ji buƙatata, ta ce in zauna in yi kallo.

Na zauna. Kowace mace ta zo ta sayi kanwa, in an auna mata sai ta ce, "Gyara fa, Inna?" kamar yadda ake yi a kowace kasuwa ta duniya. Inna kuma sai ta tambaya a hankali, "A ƙwarya ko a bakin zane?" Wadda ta ce a ƙwarya, a ƙara mata ɗan gutsuren kanwa ta wuce. Wadda ta ce a bakin zane, sai Inna ta jawo gefen zanenta ta ƙulle mata wani ɗan abu, ita ma ta wuce. Mai kallo daga nesa ba zai ga komai ba sai ciniki.

Da kasuwa ta tashi ta kai ni bayan rumfar. A tsagar dutse akwai itace guda, suna kiransa Jinkiri, 'ya'yansa ƙanana kamar ƙwayar dawa. In mace ta haɗiyi guda kafin a ga jinjirin wata, cikinta zai huta har wani watan. Ranar da ta bari, ciki ya koma aikinsa. Na daɗe tsaye ina kallon itacen, ina tuna uwata.

Na ce, "Inna, haramun ne a garin nan?"

Ta ce, "A'a. Malamai sun sani, maza da yawa sun sani."

"To ɓoye-ɓoyen na mene ne?"

Ta dube ni ta ce, "Ke, shiga banɗaki haramun ne? To me ya sa ake masa ƙofa?"

Na zauna wurinta na zama 'yar rumfa. Ta koya mini kula da itacen, ta kuma kafa mini doka ɗaya: ba a ba wadda ba ta nema ba, ba a hana wadda ta nema, kuma ba a faɗa wa kowa wace ce wace.

A cikin matan da muka karɓi haihuwarsu akwai Yalwa, matar Jatau mai jan igiya, a Dutsen Ƙarshe, wanda daga shi sai ruwa. Ita ma mai kwanika ce, ta riga ta binne biyu. A wannan haihuwar jini ya ɓalle mata irin na uwata, na ga idonta yana juyewa, na ce shi ke nan. Inna Dudu ta yi ta fama har Allah ya tsayar da shi. Da Yalwa ta farfaɗo, Inna ta kira ta ita da mijinta ta ce, "In wani cikin ya shiga kafin a yaye yaron nan, ku tanadi likkafani." Jatau ya ce ya ji ya yarda. Daga nan duk wata Yalwa takan zo sayen kanwa, ta ce a bakin zane, kanta a sunkuye.

Sai dai gidan ba su kaɗai ba ne. Akwai uwar Jatau, Gwaggo Tabawa, doguwar tsohuwa mai kaifin harshe wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Maganarta kullum ita ce gida sai da yara. Yalwa ba ta iya ɗaga ido a gabanta, shi kansa Jatau in uwar ta yi tari sai ya gyara tsayuwa.

Da damina ta faɗi annoba ta shigo. Suka sa mata suna Shuɗi, don zazzaɓi ne da ke mai da leɓen mutum shuɗi, kuma numfashi ne ke ɗaukar ta daga wannan zuwa wancan. Ta fi tsananta ga masu ciki, da wuya ta kama mai ciki ta bar ta. Inna Dudu tana cikin na farko da ta ɗauka, don ita ce mai shiga ɗakunan da kowa ke gudu. Ta yi mini magana ta bayan asabari ta ce, "Ayashe, itacen zai kula da kansa. Tambayar ce za ki riƙe, kada ki bari ta mutu." Washegari aka binne ta.

Al'amarin annobar yana hannun Wakilin Lafiya, wani siririn mutum mai suna Malam Shekarau. Ya sa aka naɗe gadoji duka, aka rufe kasuwa, kowa ya zauna a dutsensa. Abinci daga rumbun gari ake aikawa ta kwanduna, kowane gida da kwandonsa mai alamarsa, a rufe da ƙyalle. Ungozomomi duka aka kwashe su zuwa jinyar marasa lafiya. Ban ga laifinsa ba, da ni ce ma haka zan yi. Amma na duba na ga maza da mata a kulle a ɗaki ba aiki ba kasuwa, mai goyo ba ta da hanyar tafiya gidan iyayenta, kuma wadda duk ta ɗauki ciki, in Shuɗi ta bar ta, to za ta haihu babu mai karɓa. Rumfata tana dutse ɗaya da rumbun gari, na tafi can na sami Malam Shekarau.

Ya ce, "Mutane suna mutuwa, ke kina zancen kanwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, zancen waɗanda za su mutu baɗi nake yi."

Mutum ne mai saurin ganewa. Ya ce in bar masa. Da hantsi sai ga sankira a kan hasumiya yana shela da ƙaho, wai duk macen da ke son 'ya'yan Jinkiri ta rataya farin ƙyalle a kan soronta, za a aiko mata. Na ji shelar na dafe kai.

Ba a ga farin ƙyalle ko ɗaya ba. Abin ma ya wuce nan, don mata suka daina shanya duk wani abu fari, har fararen rigunan maza suka yi ta dauɗa a cikin ɗaki ba mai wankewa. Malam Shekarau ya kira ni ya ce, "Kin gani? Ba sa so."

Na ce, "Suna so. Ranka ya daɗe, in aka ce duk mai basir ya kafa tuta, tuta nawa za ka gani?"

Ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba. Sai ya ce to a sauƙaƙa, a niƙa 'ya'yan a zuba a cikin garin tuwon da ake aika wa kowa, ba wadda za ta ji kunya. Nan raina ya tashi. Na ce masa a birnin nan akwai matan da suka yi shekaru suna roƙon Allah haihuwa, akwai kuma waɗanda ba su nemi hutu ba, ba kuma za a hutar da su a ɓoye kamar ana ba akuya magani ba. Na ce in ya ga an niƙa 'ya'yan nan, to ni aka fara niƙawa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri. To ke me kika gani?"

Ina tsaye ina kallon kwandunan da ke dawowa daga unguwanni, kowanne da ƙyallen rufinsa a ciki. Abin da aka rufe ba itacen ba ne, kasuwar ce, wato wurin da mace za ta nemi abu ba tare da an ga ta nema ba. Na ce a ba ni sankira.

Ga abin da na sa ya faɗa: "Mai kanwa tana gaishe ku. Ta ce kasuwa ta tashi amma gyara bai tashi ba. Ƙyallen kwando shi ne zanenku." Maza suka yi ta sosa ƙeya, wasu suka ce baƙin cikin mutuwar Inna Dudu ya taɓa ni. Washegari kwanduna suka dawo, na ɗaga ƙyalle na farko na ga ƙulli a gefensa. Na ɗaga na biyu babu, na uku akwai. Na zauna ina kwancewa ina sa ƙwaya ina mayar da ƙulli, muna turara ƙyallayen da hayaƙin ararraɓi kafin su koma. Ranar na ci tuwo da daɗi.

Amma na gidan Yalwa ya dawo a wanke, a ninke, babu ƙulli. Na ce ƙila ba ta ji shelar ba. Washegari haka, wanshekare haka. Wata yana ta ƙanƙancewa a sama, ni kuma hankalina yana ta tashi. Na san abin da ke faruwa ko na yi zato: Gwaggo Tabawa ce ke karɓar kwando, ita ce ke mayarwa. Na yi tunanin in ƙulla kawai in aika, sai na tuna dokar Inna. In tsohuwar ce ta kwance ƙullin, na tona asirin da Kogin Tona bai samu ba. Kuma wa ya sani, ƙila Yalwa ta canza shawara, ƙila ma Shuɗi ce ta kwantar da ita.

Ranar da ake sa ran ganin wata, bayan azahar, na je wurin Malam Shekarau na ce a sa ni a kwando.

Ya ce, "Doka ta hana ƙafar kowa taka dutsen da ba nasa ba."

Na ce, "Ƙafata ba za ta taka ba. Yau ni kaya ce."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga ban fi buhun gero nauyi ba. Ya ce in rufe hanci da baki, kada in fita daga kwandon, kuma in na dawo zan zauna ni kaɗai a rumfa har ya gamsu. Na ce na yarda. Na ɗauki kanwa, da gora doguwa, da ƙyalle mai ƙwaya guda a ƙulle, aka rataya ni.

Wanda bai taɓa lilo a kwando a saman tafki ba, kada ya nema. Ana jan ni daga dutse zuwa dutse, masu igiya suna leƙowa suna salati. Na wuce unguwanni ina jin tari ta tagogi, ina ganin ƙofofin da aka shafa wa shuni alamar an yi rashi. A tsakanin dutse na kusa da ƙarshe da Dutsen Ƙarshe, inda igiyar ta fi tsawo ta kuma fi sassauci, wani zalɓe ya taso daga ruwa. Ya saba kwandon da ya yi nauyi haka busasshen kifi ne. Ya sauka a kan igiyar ta lotsa, ya sa baki ya yaye murfin, muka haɗa ido. Bai ga dalilin fasawa ba. Ya wangame baki, ni kuma na ɗauki ƙaton dunƙulen kanwa na jefa masa har maƙogwaro. Ya haɗiye, ya tsaya, idonsa ya kawo ruwa, ya saki wani irin kuka ya faɗa tafki yana kurkure baki. Igiyar ta yi sama da ni, na riƙe gefen kwando ina kiran sunayen Allah.

La'asar ta yi sanyi lokacin da kwandon ya tsaya a gaban gidan Jatau, yana reto, tsakanina da ƙofar akwai tsawon gora. Abin da ban lissafa ba shi ne 'yan kallo. Mutanen da aka kulle ba su da aikin yi, ga mace a kwando, ai duk unguwar ta hau soro. Jatau yana wurin turken igiya, da ya gane ni sai ya sunkuyar da kai. Gwaggo Tabawa ta fito ta cika ƙofa. A bayanta, cikin duhun zaure, na hango Yalwa da yaro a baya, leɓenta lafiya lau. Na gode wa Allah a raina.

Iska tana kaɗawa, dole sai da ɗaga murya. Na ce, "Gwaggo, ina wuni? Yaya muka ji da wannan zama?"

Ta ce, "Zama sai godiya. Mai kanwa, yau kuma tallar ta sama ake yi?"

"Na ji an ce taku ta ƙare, na ce bari in kawo da kaina."

"Allah ya yi albarka. Miƙo."

Na ɗaura kanwa a kan gora na miƙa, ta karɓa ta juya ta a hannu. Sai ta ce, kamar yadda kowace mai saye take cewa, "Gyara fa?"

Tambayar da Inna Dudu ke yi da ƙaramar murya a ƙarshen kasuwa, ita ce yau zan yi da ihu a gaban unguwa. Ba ni da wata. Na ce, "A ƙwarya ko a bakin zane?"

Babu macen da ke wurin da ba ta san ma'anarta ba, kuma a lokacin mazan ma sun fara ganewa. Kowa ya san a gidan nan mace ɗaya ce tambayar ta shafa. Na dubi Yalwa. Ta sunkuyar da kai. Rana tana gangarawa, ni kuma na san in na koma da ƙyallen nan, ƙila nan da 'yan watanni ni ce zan riƙe kanta.

Gwaggo Tabawa ta waiwaya. Ba fuskar surukarta ta duba ba, hannunta ta duba. Yatsun Yalwa suna kan gefen zanenta, ta murɗe shi ta murɗe har ya zama ƙulli, ita kanta ba ta sani ba. Tsohuwar ta juyo, ta gyara ɗaurin ƙirjinta, ta buɗe murya yadda har dutsen baya sai da aka ji.

"A bakin zane, mai kanwa! Nawa ne. Ni nake so."

Unguwa ta fashe da dariya. Wata daga kan soro ta ce, "Gwaggo, ke da wa?"

Ta ce, "Ina ruwanki? Zawarawa gare ni a dutse uku, gada kawai suke jira a shimfiɗa."

Wani tsoho ya ce a sa da shi a layi. Mata suna riƙe ciki, yara suna tsalle ba su san abin da ake wa dariya ba, Jatau ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ita kuwa ko gezau. Na ɗaura ƙyallen a gora na miƙa. Ta kwance, ta mai da hannu baya ba tare da ta waiwaya ba, ta ce, "Ke, riƙe mini wannan, hannuna da maiƙo. Ki shiga ki duba mini tukunya." Yalwa ta karɓa ta shige.

Jatau ya fara jan igiya. Ina tsakiyar tafki aka fara kiran sallar magariba, na ji ana guɗa daga hasumiya, an ga wata.

Na yi zaman kaɗaicina a rumfa kamar yadda na yi alkawari, ana turo mini ƙyallaye ta taga ina ƙullawa. A wata na gaba kwandon gidan Jatau ya zo da ƙulli ƙato irin na mai ɗaurin itace, kowa ya san hannun wace ce. Aka kuma ce mini a wasu duwatsun tsofaffin mata sun ɗauki salon, kowace tana shelar zawarawanta a kan soro tana ƙulla ƙyalle, har Malam Shekarau ya ce bai taɓa sanin birnin yana da amare masu jiran gado haka ba.

Shuɗi ta ja da baya da shigowar rani. A cikin na ƙarshe da ta ɗauka akwai Gwaggo Tabawa.

Da aka shimfiɗa gadoji kasuwa ta dawo, Yalwa ta zo rumfa. Muka yi gaisuwar rashi, sai ta zauna ta ba ni labari. Ta ce da ciwon ya kama tsohuwar, ta kulle kanta a ɗaki ta hana kowa shiga, ta yi mata magana ta bayan ƙofa. Ta ce mata tun ranar shelar farko ta gane. Kullum takan ajiye ƙyallen a kan turmi kusa da Yalwa, ta tafi salla ta daɗe har gwiwarta ta yi ciwo, ta dawo ta same shi a ninke. Ba ta ƙulla da kanta ba don cikin ba nata ba ne, ba ta kuma iya tambaya ba don surukuta. Yalwa kuwa tana tsoron tsohuwar ta ga ƙullin in ta zo rataya kwando. Yalwa ta ce, "Maganarta ta ƙarshe gare ni ita ce, gida sai da yara, amma yara sai da uwa." Ta share ido, ta sayi kanwa, ta ce a bakin zane, wannan karon tana kallona.

Haka muka yi ta yi har aka yaye yaron, ya yi ƙafa, ya fara bin ubansa wurin igiya. Wata rana Yalwa ta zo, na auna mata, na yi tambaya, ta ce, "A ƙwarya." Na ƙara mata gutsuren kanwa ta wuce. Da shekara ta zagayo aka aiko mini daga Dutsen Ƙarshe. Na bi gada da ƙafata, na karɓi 'ya mace, na zauna ina jiran jinin nan. Bai zo ba. Yalwa ta tashi zaune ta nemi kunu. Ni kuma na fita bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da uwata ta cika a cinyata.

Ranar suna aka mayar wa yarinyar da sunan kakarta. To Jatau ba zai kira sunan uwarsa ba, Yalwa ba za ta kira sunan surukarta ba, dole a nemo na kira. Ba a daɗe ana nema ba. Har na baro Garjewa, bayan na damƙa rumfar da tambayar a hannun wata, duk ranar da Yalwa ta ƙwala wa 'yarta kira a kasuwa, "Gyara! Gyara!" sai ka ga masu awo sun ƙara hannu.

Nan na sauke kayan labarina. Wanda ya ji ya riƙe abin da ya tsinta, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya mana waɗanda ke baya.